Tsumma a Tulun Mama Hannah

Rahila ta kifar da tulun a kan simintin bayan coci, tsummoki suka fara zubowa. Tun da ta ɗauko shi daga ɗakin ajiyar kayan kiɗa ta ji nauyinsa ba daidai ba. Ta zura hannu ta jawo guntun soson katifa, ta jawo yagaggen labule, daga ƙarshe sai ga wani shuɗin ƙyalle da ta sha ganin Francis yana goge kibod da shi.

Tulun Mama Hannah ne, maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su. Tun tana amarya tsohuwar ta zo da shi Kontagora daga Kumbashi, kuma shi take bugawa a coci lokacin Misa, ibadar da ake yi da Hausa, tun ba a haifi yawancin mawaƙan yanzu ba. Kwana da kwanaki ke nan tana kwance, ko kunu ba ya wucewa. Da safen nan ta ce a kawo mata tulunta.

Francis, shugaban mawaƙa, yana cikin coci yana haɗa wayoyin sifika. Rahila ta kwashi tsummokin ta je ta zube masa su a kan kibod ɗin.

"Mene ne wannan, Francis?"

Ya kalli tsummokin, ya kalli ƙofa. "Maman Alheri, ki bari in yi miki bayani."

"Yi. Ni nawa kunnen bai mutu ba tukuna."

"Kin san Mama ba ta ji yanzu. Muna gaba tana baya. Ranar da baƙi suka zo daga Bangi, mun gama waƙa ita tana ta bugu ita kaɗai, yara suna dariya. Ba mu so mu ce ta daina zuwa. Sai muka ga wannan ya fi sauƙi."

"Tun yaushe?"

Ya sosa ƙeya. "Tun bayan Ista ta bara."

Rahila ta dubi tsummokin da ke kan kibod ɗin. Ita ce fa kowace Lahadi take riƙe hannun tsohuwar nan, su tsallaka titi cikin 'yan mashin, ta zaunar da ita a gaban mawaƙa sannan ta koma layin mata. Tana hango hannunta yana tashi yana sauka, tana zaton ƙarar sifika ce ta danne tulun. Ashe tsumma take bugu. Bayan Misa kuma 'yan matan da ke cikin mawaƙa su zagaye ta suna ɗaga mata babban yatsa, "Mama, yau kin buga!" Marasa kunya, da bakin da suka gama karɓar Jikin Kristi.

"Ka zo ka faɗa mata da bakinka," in ji Rahila. "Yau ɗin nan."

"Muna da koyon waƙa da yamma, ga godiyar kaka ranar Lahadi. In mun tashi..."

"Matar da ta riƙe ka ranar baftismarka tana mutuwa, kana yi mini maganar Lahadi?"

Ta rungumi tulun ta fita, ko durƙusa wa bagadi ba ta tuna ta yi ba.

A ɗakin Mama Hannah ta tarar da Ruka, matar Mika'ilu tela na gidan da ke kallonsu, tana yi wa tsohuwar fifita. Mama Hannah ta rame har zoben aurenta yana yawo a yatsa. Rahila ta ajiye tulun a kan katifa kusa da haƙarƙarinta. Tsohuwar ta ɗora tafin hannu a cikinsa, ta ɗan girgiza shi.

"An kwashe," ta ce.

Rahila ta matso kusa da ita. Ta sunkuya ta kai baki kunnenta. "Mama, kin sani?"

"Kunne ne ya mutu, 'yata, ba cinya ba. Tulu in ya yi magana a cinyata nake jin sa. Tun bugun farko na gane."

"Kika yi shiru?"

"In na yi magana su ce in koma benci? Ina son wurin zamana." Ta numfasa da ƙyar. "Amma na ji haushi, Rahila. Akwai Lahadin da na ji kamar in fasa shi a kan yaron nan. Da wannan haushin nake zuwa gaban Fada in buɗe baki in karɓi Jikin Kristi. Ba na so in tafi da shi. Ya zo in ce masa na yafe."

"Ki faɗa mini, ni zan kai masa."

"A'a. Ba aike ba ne. Ya zo ya tsaya nan in gan shi."

Ruka ta goge ido da gefen hijabi. "Wallahi ni daga tsakar gidana nake gane bugun Mama ranar Lahadi. Da na daina ji, na ɗauka hannu ne ya gaji."

Fada, limamin cocin, ya iso da azahar daga Sahon Rami, ya shafa wa tsohuwar mai mai tsarki, ya yi addu'a ya tafi. Rahila ta so ta fesa masa komai, sai ta ga idon tsohuwar a kanta, ta haɗiye. Ta kira wayar Francis, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ta sake kira. Aka kira la'asar, Ruka ta je ta yi salla ta dawo. Sai ga ƙarar kibod daga sifikar coci tana tsallako rufin kwano har cikin ɗakin, ana maimaita layi ɗaya, a tsaya, a sake. Rahila ba ta taɓa tsanar waƙar Allah ba sai ranar.

"Ya zo?" in ji Mama Hannah.

"Yana hanya, Mama."

"To buga mini kafin ya iso."

Rahila ba ta iya ba, amma ta ɗauki ɗan soson da ake buga shi da shi ta doki bakin tulun. Ya amsa da murya mai kauri, har kwanon sha da ke ƙasa ya motsa. Ta ci gaba, ba tsari ba komai, hawaye na ɗiga mata a haɓa. Yatsun tsohuwar suna bin bugun a jikin yumɓun, suna gyara mata inda ta yi sauri. Idonta dai yana kan labulen ƙofa. Can yatsun suka tsaya. Ruka ce ta riƙe wa Rahila hannu, ta ce, "Ya isa. Ta tafi."

Rana ta kusa faɗuwa Francis ya yi sallama, da mawaƙa biyu a bayansa. Mata sun riga sun cika tsakar gida. Rahila ta fito da tulun ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki don a sami wurin shimfiɗa tabarma.

"Maman Alheri, muna tashi na taho," in ji shi. "Ta ce wani abu?"

"Ta jira ka."

"Amma ta yafe mini?"

Rahila ta dube shi tun daga takalmi har kai. Ta san kalma ɗaya za ta sa ya yi barci, kuma ba ta da niyyar ba shi ita.

"Ta ce ba aike ba ne," ta ce, ta koma ciki.

Ba wanda ya ba shi kujera. Ya tsaya jikin katanga, hannuwa a baya. Iskar ƙarshen damina ta taso ta kaɗa zannuwan da ke kan igiya, ta bi ta bakin tulun, ya yi wani ɗan gunji ƙasa-ƙasa, ya yi shiru, ya sake.