Takwarar Sista Lusungu

Ku yi mini afuwa da wannan karambani. Ni mai karanta na wasu ce, ban taɓa rubuta nawa ba. Labarin yayata Temwa ne ya hana ni sakat.

Ranar da kwamitin lasisin ma'aikatan lafiya ya sauka a ƙauyenmu na bakin tafki, Temwa ta goyo 'yarta, ta ƙulle busasshen kifin usipa a tsumma, ta bi Gwaggo NyaGondwe zuwa zauren coci. Tambaya ɗaya kwamitin ke yawo da ita gari gari: shin a yarje wa ƙananan ungozomomi su sa hannu su ciro mabiyiya idan ta maƙale, ko a ci gaba da tura mai jego asibitin gunduma?

Temwa ta san amsarta a jikinta. Daminar da ta haihu, ruwa ya cinye gada da tsakar rana, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini kuwa kamar an ɓalle famfo. Sista Lusungu, ƙaramar ungozomar ƙauyen, ta wanke hannu ta yi abin da lasisinta bai ba ta ba. Tun daga nan ta roƙi Temwa ta rufa mata asiri, don in magana ta kai sama za a ƙwace lasisin.

"Ke dai ki zauna ki kalla," Gwaggo ta ja mata kunne a hanya. "Bakinki kamar kwando yake, ba ya riƙe ruwa."

"Haba Gwaggo, ko godiya kada na yi?"

"Godiyar da za ta raba ta da aikinta? Miƙa mata kifi ki yi gum."

Zauren ya cika. Sista Lusungu na can gefe cikin farar riga, ta sunkuyar da kai. Shugaban kwamitin, Dakta Msiska, dattijo mai furfura, ya saurari wata likita da ta ce aikin akwai haɗari, hannun da bai ƙware ba yana iya yaga mahaifa. Gaskiya ta faɗa, kowa ya gyaɗa kai. Sai Dakta ya dubi jama'a.

"Iyayena mata, har yanzu ba mu ji daga bakin wadda abin ya faru a kanta ba. In babu, mu koma mu ce dokar ta zauna yadda take."

Temwa ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Gwaggo ta damƙo zaninta, ta fizge.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Wata ma'aikaciya ce ta cece ni, a wani wuri, ba zan faɗi suna ba. Da ta jira mota, da yanzu ciyawa ta rufe kabarina."

Ta faɗi komai, ta kauce wa sunan kamar mai tsallake ƙaya. Har ta fara jin ta tsira. Sai yarinyar ta leƙo daga goyo tana wa Dakta dariya.

"Kai, wannan 'yar da fara'a take! Yaya sunanta?" in ji Dakta.

"Lusungu," bakin Temwa ya riga hankalinta.

A nan ko yaro ya san wanda ya karɓi haihuwa mai wuya shi ake yi wa takwara. Gwaggo ta dafe kai. "Na faɗa! Kwando!"

Dakta Msiska ya cire tabarau, ya goge a hankali. Shi ma ɗan yankin ne.

"Ni sunan wani direban lori aka sa mini," ya ce. "A bayan motarsa aka haife ni, kan buhunan masara. Shi ko lasisin tuƙin ma, Allah kaɗai ya san ko yana da shi."

Dariya ta ɓarke, har likitar da ta yi gargaɗi.

"Ba farautar kowa muka zo ba, 'yata. Doka muka zo aunawa, mu ga ko ta yi wa aikin kaɗan. Sunan yarinya kawai na ji." Ya juya gefe. "Sista, ke da ke zaune da matan nan, in za a ba ku wannan aiki, wane horo kuke bukata?"

Sista Lusungu ta tashi. Ta fara lissafa safar hannu doguwa, da maganin tsayar da jini, da wata uku a ƙarƙashin likita. Likitar ta jawo kujera kusa da ita tana cewa, "Wata shida dai, ƙanwata, kada ki yi mana rowa."

Kowa ya karkata gare su. Temwa ta lallaɓa ta ajiye ƙullin kifin a kujerar da Sista ta tashi, ta gyara goyo, ta zame ta ƙofar baya. Ko Gwaggo ba ta ga fitarta ba.