Roba Mai Cokali a Murfi

Tun daga ƙofar kicin warin ya tare Auta, wani tsami-tsami haɗe da tafarnuwa, kamar tsumman da ya kwana uku a bokiti. Ta kai gefen mayafi hanci. Sai ta hango Baba tsaye gaban tebur, sanye da safar hannu ta roba, har yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ta yi maza ta sauke hannun. Wata bakwai ke nan da rasuwar Mama, kuma a wata bakwai ɗin nan babu abin da ya tayar da shi daga kujera in ban da ban-ruwan barkonon da ta bari a ɗan lambunta. Abinci ma sai an yi da gaske yake kai loma biyu. Yau ga shi a tsaye. Ko me yake dafawa, Auta ta ƙudurta sai ta yaba.

"Zo ki gani, Auta. Kwana goma sha biyu barkonon nan yana jiƙe a ruwan gishiri. Ɗazu na markaɗa."

Ta leƙa kwalbar. Abin ya yi kauri, jansa ya koma ƙasa-ƙasa, yana ta tsattsafo kumfa shi kaɗai. A gefe ga wata farar yana da ya kwashe daga samansa ya shafe a faranti. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne jerin robobin da yake ɗurawa a ciki.

Baba shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin gwaji na asibiti, kuma mutum ne da ko ƙusa ba ya yarwa. Robobin nan, 'yan gajeru masu shuɗin murfi, duk wanda ciwon ciki ya taɓa kaiwa asibiti ya san su. Su ne ake miƙa maka a nuna maka hanyar bayi. Kowacce da ɗan cokalinta maƙale a cikin murfi. Bawan Allahn nan har takarda ya manna musu, suna da kwanan wata da ƙarfe nawa, yadda hannunsa ya saba. Ta farko a layi sunanta ne a jiki.

"Baba, waɗannan ai na..."

"Sabbi ne fil. Ni na ɓare kowacce daga ledarta. Duk gidan nan babu kwanon da ya kai su tsafta. Ga cokali ma an haɗa miki, me kike nema kuma?"

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Amma je ka gaya wa ciki gaskiya.

Ya cire safar, ya zubo farar shinkafa faranti biyu, nasa har da tudu, ya tura mata robarta. Auta ta murɗe murfin, cokalin ya fito da guntun abin nan yana lilo. Ta kau da kai. Da ya juya ɗauko ruwa sai ta yi wuf ta juye robar a ɗan kwano, ta tura murfin bayan tukunya, ta ɗauko cokalin shayi. Ko da ta ɗago, yana kallonta.

Bai yi faɗa ba. Zama ya yi a hankali, ya ture farantinsa gefe.

"Haka mahaifiyarki take," ya ce. "In na dawo aiki sau uku nake wanke hannu da sabulu, a gabanta. Duk da haka kofina daban, cokalina daban. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cin abin da na taɓa ba."

Auta ta dubi cokalin da ke cikin farantinsa, mai jan zare ɗaure a wuya. Tun tana ƙarama ta san shi. Ita duk a zatonta girmamawa ce. Kunya ta kama ta, ta kanta da ta marigayiyar gaba ɗaya.

Ta laluba bayan tukunya ta jawo murfin. Da ɗan cokalin nan ta ɗebo yajin ta zuba a kan shinkafarsa, ta ɗauki cokali mai zare ta cika shi ta kai baki. Tsamin ya fara isa, zafin ya biyo baya. Ta dafe tebur ta haɗiye da ƙyar, idanunta suka kawo ruwa.

"Ba dole ba ne, Auta."

"Gishirin ya so ya yi yawa, Baba," ta ce, ta ƙara loma ta biyu.

Ƙyamar ba ta je ko'ina ba, tana nan tokare a ƙirjinta. Ta miƙa masa cokalin ba tare da ta goge ba. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya karɓa.