Kunun Inna Mairama da Baƙin Rami

Shekara uku mutanen Dingaya suna kirana Injiniyar Rijiya, ban taɓa sunkuyar da kai ba. Sun ji ina karatun yadda ruwa ke motsi, amma da famfon unguwarmu ya lalace na ce ba fannina ba ne, sai dariya ta bi gari. Ni fiziks na karanta, kuma ni na zo ta ɗaya a ajinmu.

Da takardar gurbin digiri na uku ta iso daga Zariya, sai da yardar Kawu Haladu zan tafi, domin shi ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba. Ya ce ba zai saki 'yarsa ga karatun da ba a san kansa ba. Sharaɗinsa ɗaya: in yi wa kakarmu Inna Mairama bayani, idan ta gane, in tafi.

Ranar Juma'a da hantsi na same ta a tsakar gida tana dama kunun tsamiya, Kawu na zaune a kan tabarma. Na ce a sararin sama akwai baƙin rami, wurin da ƙarfin jan abubuwa ya kai ko haske ba ya kuɓuta. Na ce lissafin wannan ƙarfi da lissafin motsin ruwa suna haɗuwa. Inna ta yi hamma, Kawu ya fara laluben takalminsa. Na ji Zariya tana nisa, amma na ƙi yin shiru.

Sai na ga Inna ta cire ludayi, ta ƙwanƙwasa gefen ƙwaryar da yatsa, ta zuba wa kunun ido. Tun ina yarinya take haka, ban taɓa tambaya ba. Ta ce ita ba ta ɗanɗana kunu: idan saman ya yi rawa ya tsaya nan take, ya yi kauri, idan ya daɗe yana rawa, ya tsinke.

Na durƙusa a gabanta. Na ce abin da muke yi ke nan a takarda. Idan abu ya faɗa ramin, samansa yakan yi rawa ya lafa kamar kununta, daga lafawar muke auna kaurinsa.

Ta dube ni ta ce, "To naku ramin, Kubra, mai kauri ne ko tsinkakke?"

Na ce lissafi ya nuna da wuya a sami abin da ya fi shi tsinkewa.

Ta juya wajen Kawu. "Haladu, bar yarinyar nan ta tafi. Shekara da shekaru maza suna fama da tsinkakken kunu a sama, babu mace a kusa."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya miƙo kofinsa a zuba masa, ya tambaye ni ƙarfe nawa motar Zariya ke tashi daga Gwaram ranar Litinin.