Ƙofar Dawowa

"Marigayiya, jawo kujerarki nan kusa, yau za mu gwada tashinki," in ji Injiniya.

Na jawo kujerar ina laluben bakin gado da gwiwa. "Ka kiyaye ni fa. Marigayiyar ce ta hau bene ta sauka sau biyu yau, kai mai ran kana kwance."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa, wadda nake kira Amarya duk da ta haura shekara ashirin a ɗakinta, ta gyara masa robar iskar da ke hancinsa. Ni dai inuwarsu kawai nake gani. Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe ni, komai nake kallo kamar ta bayan jiƙaƙƙen labule. Injiniya ya zame min wani dogon duhu a kan farin matashi, hasken kwamfuta shuɗi-shuɗi yana lilo a ƙirjinsa. Matashin ma ni na ɗinka masa rigarsa da lalube, ya shafa ya ce bai taɓa ganin ɗinki mai kyau haka ba.

Ƙofata na kallon tasu a hawa na biyu. Ni tela ce, ko in ce na taɓa zama, tunda zare ya daina shiga min allura. Mu tagwaye ne, ni da 'yar'uwata, lambar katinmu ma a jere take, tata ta ƙare da huɗu tawa da biyar. Da ta rasu bara, ma'aikacin rajista ya danna biyar. Ban sani ba sai ranar da na je asibitin gwamnati a sa ni cikin waɗanda za a yi wa aikin ido.

"Baba, ai na'ura ta ce kin rasu," in ji ma'aikaciyar da ke kan kanta.

"Yaushe?"

"Wata bakwai ke nan."

"To, Allah ya jiƙaina. Amma ba wanda ya gaya min."

Ta yi dariya, ni ma na taya ta, sai da na fito bakin titi dariyar ta ɗauke. Likita ya riga ya faɗa min cewa ƙarshen wata mai zuwa za a rufe rubuta sunaye, kuma in na ƙara shekara a haka, idon hagu ba zai tsira ba. Na zaga ofis uku. Kowa ya dube ni ya yarda ina da rai, amma babu mai maɓallin da zai danna.

Injiniya shi ne babban mai rubuta manhaja a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Shekara goma sha takwas da suka wuce, shi ya gina tsarin da hannunsa. Don haka na buga masa ƙofa ba ko sallamar kirki.

"Kai ka gina abin nan, shiga ka goge."

"Gwaggo, babu ƙofar dawowa," ya ce. "Ni na manta ban yi ta ba. Lokacin ina matashi, na ce wa zai dawo daga mutuwa? Ban tuna da yatsan mutum yana zamewa ba."

"To bi ta baya mana. Ba ka da makulli?"

"Ina da shi. Minti biyu ya ishe ni. Amma na bincika, ku ɗari huɗu da goma sha ɗaya ne. In na fid da ke ta taga, su wa zai fid da su? Kuma tagar da na buɗe miki yau, gobe mugu zai bi ta ya tashi wanda ya ga dama. Ki bari in yi ƙofa ta gaskiya."

Na kira shi mai taurin kai, na ce boko ya cinye masa tausayi, na buga ƙofata. Kwana tara ban amsa gaisuwarsa ba. A na goma Amarya ta shigo ta zauna a kan keken ɗinkina tana kuka, ta ce huhunsa ne, likitoci sun sallamo shi gida. Ya san da haka tun ranar da na je masa da masifa. Kwanakin nan tara har yau suna cina, ba zan ɓoye ba.

Tun daga nan kullum da la'asar ina ɗakinsa. Rana kan shigo ta taga ta kwanta a kan bargo, na'urar iska tana huci a hankali, yatsunsa suna ta ƙwas-ƙwas kamar farkon yayyafi a kan kwano. Wani lokaci sautin ya tsaya, in ɗauka barci ya yi, sai in ji muryarsa can ƙasa.

"Gwaggo, in na lumshe ido cikinsa nake shiga. Wani ƙaton gida ne, ɗaki bayan ɗaki, kowa na zaune a gefen sunansa. Jarirai ta gabas suke shigowa, ba sa ko kuka. Can ƙarshe akwai wani dogon zaure mai sanyi. Na gan ki a ciki, kina zaune da jakarki a cinya kamar mai jiran mota."

"Ina mita?"

"Sosai ma."

A ranar gwajin akwai mutum ta huɗu a ɗakin, abokiyar aikinsa da muke kira Mai-tabarau. Shi ya koya mata aiki, yanzu ita ma da masu yi mata biyayya. Ƙa'idar aikinsu ita ce, duk abin da mutum ya rubuta, ko shi ne babba, ba ya shiga tsarin gwamnati sai wani ya karanta layi-layi, ya gwada a kwamfutar gwaji, ya sa hannu. Shi ya kafa dokar, kuma an ce ya sha mayar wa mutane aikin wata guda saboda layi ɗaya karkatacce.

Ta sa lambata. Ta sa shaidar mutum biyu da hoton yatsana da suka ɗauka.

"Ta tashi," in ji Mai-tabarau.

Amarya ta rungume ni. Na ji wani sanyi ya bi bayana, kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe. Amma ina jin Mai-tabarau tana ta gangarawa da yatsa a kan kwamfutar.

"Yallaɓai, akwai saura," ta ce. "Gwaggo ta tashi, amma mutuwar ba ta koma kan mai ita ba. Ga lamba mai huɗu, ga mai biyar, duk suna raye."

Na kai fuskata dab da allon har hancina ya kusa taɓa shi. Ban iya karanta komai ba, layi biyu kawai na gani masu haske, ɗaya a kan ɗaya, kamar yadda muke kwanciya a tabarma guda muna yara. Na ji ƙamshin man da take shafawa. Wallahi na ji shi.

"Ku bar ta haka," na ce. "Wa ta tsare wa wuri?"

Sai Injiniya ya lalubo hannuna. Nasa ya zama ƙashi zalla, amma da ɗumi.

"Gwaggo, in muka bar ta, 'ya'yanta ba za su taɓa samun takardarta ba. Za su yi ta zaga ofis kamar yadda kika zaga. Kowa a kai shi ɗakinsa." Ya juya wajen Mai-tabarau. "Sauran kwana nawa a rufe sunayen asibiti?"

"Shida."

"In na ce ki sa hannu a haka, a gyara daga baya?"

"Ba zan sa ba, Yallaɓai."

"Madalla. Da kin sa, da na san ban koyar da komai ba. Amarya, ƙara min matashi."

Kwana biyu ya yi a kan wannan gyaran. Yatsun sun rage sauri, sai ɗis, ɗis, a jima, ɗis. Da suka gaza gaba ɗaya, ya riƙa faɗa Mai-tabarau tana rubutawa, sannan ta kira wani abokin aikinsu ya duba, tunda hannunta ya shiga ciki ba za ta sa wa kanta hannu ba. Na ce musu wannan wace irin jaraba ce, mutum na fama da numfashi kuna neman sheda. Injiniya ya ce, "Marigayiya, ki yi haƙuri, kin jira wata takwas." Ranar Alhamis da hantsi aka sa hannu. Ya sa aka karanta masa saƙon amincewar sau biyu, ya ce a rufe kwamfutar a ajiye a kan tebur. Rabon da a sauke ta daga gadon tun da ya kwanta.

Da la'asar na shigo kamar kullum. Rana na kan bargo. Amarya tana yanke masa farce.

"Na sake shiga," ya ce. "Ƙofar tana nan, sabuwa, ko fenti ba a yi mata ba. Mutane sun yi layi."

"Ka gan ni?"

"Ke ce a gaba. Kin ture kowa."

Ya ɗan yi murmushi, na ji shi a muryarsa. Daga nan bai ƙara magana ba. Na'urar ta ci gaba da hucinta ita kaɗai, har Amarya ta ajiye abin yankan farcen ta miƙa hannu ta kashe ta.

Ranar Litinin muka tafi ofishin rajista ni da Amarya, tana riƙe da hannuna saboda matakala. Kanta ɗaya muka tsaya. Ita ta fara miƙa takardar likita ta rasuwar Injiniya. Ma'aikacin ya karanta sunan, ya daɗe bai taɓa komai ba, sannan ya karanta lambar a fili, ɗaya bayan ɗaya, ya nemi ta tabbatar masa kafin ya danna. Ni ce ta biyu. Na ɗora yatsana a kan gilashi mai sanyi, na'urar buga takarda ta yi ƙara sau biyu.

"Wannan taki ce, Baba, wannan kuma ta 'yar'uwarki. Barka da dawowa."

Muka sauko da takardu uku a jakar Amarya, na baro layin mutane a bayana har bakin ƙofa, wani tsoho yana tambaya ko nan ne ake tashin mutane.

An yi min aikin ido bayan mako biyu. Ranar da aka cire bandejin, duniya ta dawo da kaifinta, har tsagar bangon benenmu na tsaya na kalla. Ban shiga ɗakina ba, nasu na fara shiga. Amarya ta yi furfura ban sani ba. An ɗauke na'urar iska, an gyara gado, kwamfutar na kan tebur a rufe.

Matashin yana nan a inda kansa yake. Na ɗauka na duba rigar da na ɗinka masa. Ɗinkin ya tafi a karkace kamar sawun maye, wani wuri ya haɗe, wani wuri ya tsallake har soson na leƙowa, zaren ma kala biyu ne. Mutumin da bai taɓa barin layi ɗaya karkatacce ya wuce ba, a kan wannan ya kwana arba'in.

Na ce Amarya ta ba ni allura. Na zauna a bakin taga, na zura zare, ya shige a karo na farko. Na daɗe riƙe da ita, matashin a cinyata, rana tana matsowa a hankali kan bargo. Sai na soke allurar a gefen mayafina, na mayar da matashin wurinsa.