Fuskokin da ke Ƙasa

Kosal ya juya ne kawai ya kafe babur. Kafin ya waiwayo, mahaifiyarsa ta tsallake jajayen turakun da ke gefen kangon haikalin, ta ajiye takalmanta a jere kamar mai shiga ɗakin surukai. Tana can taku ashirin cikin ciyawa, da tiren ayaba da turare a hannu.

Shekara tara ya yi yana tonon nakiyoyin da yaƙi ya bari a dajin nan. Jan turke ma'anarsa ɗaya ce, ba a share wurin ba.

"Inna, tsaya cak! Kada ki motsa ƙafa!"

"Kai, rage murya, ba kasuwa muke ba. Nan babana yake ajiye hadaya tun kafin a san za a haife ka."

Ka'idar aikin ita ce mutum ya koma ta kan sawunsa. To ina sawu, tsohuwa ba takalmi, ƙasa ta bushe ƙamas? Sai ya lura da duwatsun da suka zubo daga ginin, manya-manya, sun jeru har kusa da ita. Ba mai iya dasa nakiya a ƙarƙashin irinsu.

"Ta kan duwatsun kika bi?"

"Ka haukace? Ba ka ga fuskokin alloli a jikinsu ba? Tsakaninsu na ratsa."

Wato ta kauce wa wuri ɗaya tilo mai aminci, saboda ladabi.

"Hau dutsen da ke damanki, Inna. Ina roƙonki."

"Gara na tashi sama da in taka fuskar nan."

Ya san halinta, da gaske take. Ya cire takalmansa, ya ɗora ƙafa kan goshin farko. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gumi na shiga idonsa, har ya isa dutsen ƙarshe. Ya durƙusa ya ba ta baya.

"Hau. Ke ba ki taka komai ba."

Ta hau. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ba shi tausayi. Kowane dutse ya taka a hanyar komawa, sai ya ji bakinta kusa da kunnensa, tana yi wa fuskar da ke ƙasa ƙarya.

"Ni na taka ku. Ba shi ba ne, ni ce."