Hajiya Barira Ta Nemi Baƙinta a Guangzhou

Hajiya Barira baƙa aka haife ta, baƙi mai sheƙi irin na 'yan gidansu na Ƙofar Mazugal, kuma da wannan fuskar ta ɗauki hoton fasfo shekara huɗu da suka wuce. Bayan nan ne wata maƙwabciyar shagonta a Kantin Kwari ta haɗa ta da mai haɗa mai. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ita ba bilicin take yi ba, gyaran fata ne. Gyara ya yi ta tafiya har ya kai in ta shiga gidan biki sai a riƙa tambaya ko Shuwa ce. Gaɓoɓin yatsunta ne kawai suka ƙi ba da haɗin kai.

Shekara biyu ba ta je Sin saro kaya ba, sai wannan damina. Da jirginsu ya sauka Guangzhou ta miƙa fasfo, jami'in ya dubi hoton, ya dube ta, ya sake duban hoton, sannan ya kira wani. Wanin ma ya kira wata. Aka shiga da ita wani ɗaki, aka ɗauki yatsunta, aka yi ta tambayarta sunan mahaifiyarta har awa biyu, sannan aka sake ta da ban haƙuri. Zaman ɗakin bai dame ta ba kamar yadda matan Kwari da suka zo jirgi ɗaya suka tsaya jiranta a bakin jakunkuna, Surayya mai shagon mayafai a gabansu.

"Hajiya," in ji Surayya da ƙarfi har 'yan Sin suka ji, "fasfon yayarki kika ɗauko?"

Barira ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Kwana shida ta yi tana zarya tsakanin kasuwannin Shahe da Canaan, ta sari abayoyi da kayan yara, har abin ya fara fita daga ranta. Saura kwana biyar su koma, suna cin tuwon shinkafa a gidan abincin Awawu, wata 'yar Kumasi mai dafa wa baƙi abinci a hawa na uku na wani gini a unguwar Sanyuanli, sai Surayya ta tayar da zancen.

"Ai shigowa ba komai ba ce, Hajiya. Fita ita ce aiki. An ce bara wata 'yar Kamaru wata uku aka riƙe ta, ita ma fuska ce ba ta yi daidai da hoto ba."

Wata uku! Ga kaya a hanya, ga sallah na ƙaratowa, ga Kwari da ba a ɓoye mata labari. Barira ta ture kwano.

Da sauran suka watse, Awawu ta zo kwashe kwanuka ta same ta ta yi tagumi. Hausar Awawu irin ta zango ce, ba ruwanta da raba mace da namiji.

"Hajiya, me ya sa kana damu? Ka koma baƙi mana. Turawa suna kwanciya a rana kwana biyu su yi duhu. Ka shafa mai, na gani a waya, mai yana sa shi sauri."

Washegari da hantsi Barira ta hau rufin otal ɗinsu da kujerar roba da kwalbar man gyaɗan Awawu. Ta ja mayafi baya daidai yadda addini zai iya haƙuri da shi, ta lafta man a fuska da wuya da bayan hannu, ta ɗaga kai sama ta rufe ido. Ranar Guangzhou a watan Agusta ba irin ta Kano ba ce. Ta Kano gasawa take, wannan kuwa turarawa take kamar alala.

Akwai wata dattijuwa 'yar Sin mai shanya zannuwan gado a rufin, ta rufe kanta ruf da malafa da takunkumi da safar hannu har kafaɗa, idanu kawai ake gani. Da ta hango baƙuwa na ƙyalli a tsakiyar rana sai ta yar da zani ta sheƙo da laima ta kare ta.

"Meyo! Meyo!" in ji Barira tana ture laimar. Kalmar da ta sani ke nan ta cewa babu, kuma tana amfani da ita a duk inda ake bukatar a'a.

Matar ta ciro waya ta yi magana a ciki, wayar ta maimaita da Turanci: Madam, ko akwai matsala a gidan aurenki?

Barira ta ce meyo. Matar ta koma kan shanyarta tana waiwaye tana girgiza kai.

Awa biyu da rabi ta yi kafin hadari ya kore ta. Da ta dubi madubi ba ta ga baƙi ba, ja ta gani kamar tattasai, fuskar kuma tana zafi kamar an mare ta da hannu biyu. Ta aika wa Awawu hoto.

"Yawwa! Haka yake fara," in ji Awawu. "Ja tukuna, baƙi yana baya."

Baƙin bai samu damar zuwa ba, don kwana biyu aka yi ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Saura kwana biyu tafiya, Barira ta kira Alhaji Shitu, mai yi mata lodin kaya, wanda ya shekara goma sha biyar a garin har ya auri 'yar ƙasar, yana kuma jin yarensu kamar ruwa. Ta daɗe tana kewaye kafin ta faɗa masa abin da take so. Ta jiyo shi a waya kamar ya toshe bakinsa da hula yana danne dariya.

"Akwai injin da ke sa fata ta yi duhu, Hajiya," ya ce daga baya. "'Yan ɗaga ƙarfe ne ke shiga kafin gasa. Amma wallahi tunda nake ban taɓa kai ɗan Afirka ba."

"To yau ka fara."

Wurin yana cikin wani gidan motsa jiki. Mai kula da shi ƙato ne, kalarsa kalar kazar da aka manta a kan wuta. Ya dubi jar fuskar Barira ya yi wa Shitu dogon bayani.

"Ya ce fatarki ta riga ta ƙone, gara ki bari. Ya ce in kin dage minti shida kawai, kuma kada ki cire tabaran da zai ba ki. Yana kuma tambaya, kina shafa wani mai?"

"Basilin," in ji Barira.

Shitu ya dube ta, ya dubi gaɓoɓin yatsunta, ya fassara basilin.

Injin doguwar akwati ce mai murfi, ciki duk fitilu shuɗaye. Barira ta tsaya a kanta ta ce innalillahi, don ba abin da ta tuna mata sai makara. Ta kulle ƙofa, ta kwanta da abayarta, ta yi kalmar shahada saboda ko ta kwana, ta ja murfi. Minti shida suka cika, fitilu suka mutu, ta tashi ta leƙa madubi. Ja dai, sai kuma farin zobe biyu kewaye da idanu inda tabaran ya zauna. Ta ce wannan ai ƙara wa jami'i aiki ne. Ta jefar da tabaran, ta koma ta danna maɓallin da ta ga ƙaton ya danna. Da ya mutu ta sake dannawa. A waje tana jiyo ƙaton da Shitu suna gardamar ƙwallo.

Da asuba ta farka ta kasa buɗe ido, kamar an zuba mata yashi a ciki. Ta lalubi hanya zuwa banɗaki don alwala, ruwa na taɓa fuskarta ta ƙwalla ihun da ya sa na ɗakin kusa ya buga bango. Leɓɓanta sun kumbura, goshi da kumatu duk sun yi ƙuraje masu ruwa, bayan hannunta ya saɓule a wuri biyu. Ta yi taimama a jikin bango tana kuka, hawayen ma zafi suke ƙara mata.

Shitu da Awawu suka kai ta asibiti, ta rufe fuska da mayafi kamar amarya. Likitar fata wata 'yar tsohuwa ce gajeruwa mai tabarau a kan hanci. Ta haska fitila, ta taɓa nan ta taɓa can, ta yi tambaya.

"Ta ce wane mai kike shafawa?" in ji Shitu.

"Basi..."

Awawu ta buɗe jaka ta dangwarar da wata farar roba marar suna a kan tebur. Ta ɗauko ta ne daga gaban madubin Hajiya lokacin da take nemo mata takalmi.

"Ga basilin ɗin," ta ce.

Likitar ta buɗe, ta shinshina, ta rufe. Sannan ta fara magana, ba ta tsaya ba sai da ta yi kusan minti biyar. Shitu ya gyara murya.

"Hajiya, a taƙaice ko duka?"

"Duka."

"Ta ce wannan man ya cinye miki fata, ta zama kamar takardar naɗe tsire. Ta ce baƙin da aka haife ki da shi yana tare zafin rana, kin kankare shi, sannan kika je kika shiga wuta tsirara. Ta ce duhun da rana ko injin nan ke sa wa mutum ba lafiya ba ne, fata ce ke kare kanta bayan an ji mata ciwo, kuma ba ta mantawa. Bayan shekaru yana iya zama ciwon daji. Idonki zai warke cikin kwana biyu in kin sa magani. Fuska kuma sai abin da Allah Ya yi." Ya ɗan tsaya. "Allahn ni na ƙara, ita ba ta ce ba."

Likitar ta sake magana, a hankali wannan karon, tana nuna robar.

"Ta ce ko akwai wani a gidanki da ke shafa wannan?"

Barira ta buɗe baki za ta ce babu, sai ta tuna 'yarta Saffana mai shekara goma sha bakwai, da yadda robar gida ke ƙarewa da wuri tun bara, da yadda kumatun yarinyar suka fara haske ita kuwa tana ta yaba mata kyau. Likitar ba ta sake tambaya ba, ta rubuta magunguna da wasiƙa, ta ce tana isa gida ta nemi likitan fata kafin ta taɓa komai.

Ranar tafiya Barira ta isa filin jirgi da baƙin gilashi da fuska kala uku, ja da ruwan ƙasa da farin magani. Ta shiga layi tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa. Ta miƙa fasfo da wasiƙar likita. Jami'ar ta ce ta cire gilashi ta dubi na'ura, ta ɗora yatsa. Na'ura ta yi ƙara, aka buga hatimi, aka miƙo mata fasfo. Wasiƙar ko buɗe ta ba a yi ba.

Ta sami Surayya a wurin jiran jirgi tana cin biskit.

"Surayya, 'yar Kamarun nan da aka riƙe wata uku, ya sunanta?"

"Wace 'yar Kamaru?" Surayya ta ɗan yi tunani. "Au! Ni ma ji na yi, Hajiya. Ƙila ma a Dubai ne. Subhanallahi, me ya sami fuskarki?"

Barira ta wuce ta nemi kujera a can ƙarshe.

A Kano maigidanta, Alhaji Sharfaddeen, ya zo ɗaukarta da kansa. Sai da suka hau titi ya saci kallonta karo na uku sannan ya yi magana.

"Maman Saffana, me suka yi miki a Sin?"

"Mai ne ya fallatso min a gidan abinci."

"Har kunne?"

"Kaskon babba ne, Alhaji."

Ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya kunna rediyo.

A ranar ta tattara robobin da ke ɗakinta da wadda ta zaƙulo a ƙarƙashin katifar Saffana ta zuba a shadda. Saffana ta yi kwana uku ba ta gaishe ta ba. Baƙin Barira ya dawo, amma bai dawo da tsari ba, goshi ya riga kumatu da kusan wata biyar. Wani ɗan tabo a gefen kunnenta na hagu ya ƙi warkewa, sai da likita a Kano ya yanke shi ya aika gwaji. Sati biyu ta yi ba ta iya cin abinci sosai kafin sakamako ya fito. Ba daji ba ne, amma ya ce ta riƙa zuwa duk wata shida yana dubawa, kuma ta daina yawo a rana tsaka. Tana zuwa, ba ta taɓa fashi ba. A Kwari kuwa tana gaya wa mutane likitan haƙori take gani.