Ranar da Ƙasa Ta Gudu

Cikin Altine na wata huɗu ne ya zube bayan an gama girbin gero, kuma jinin da ta zubar ba kaɗan ba ne. Ta yi kuka har ta gaji. Mahaifiyarta, Inna Taibatu, ta je gidan mijinta a Bakura da kanta ta ɗauko ta zuwa ƙauyensu na gefen Talata Mafara, ta shiga ɗura mata hanta da zogale da romon kaza kamar mai kiwon ragon layya.

Jiki ya fara dawowa, amma jiri ya ƙi tafiya. Kullum iri ɗaya yake zuwa: da ta miƙe sai ta ga ƙasa tana gudu tana walƙiya kamar ruwa, daga nan sai duhu, sai ta farka a hannun mutane. Sau uku tana suma, ɗaya ma a bakin murhu. Don haka Inna ta kafa doka, kuma dokar Inna ba ta da ɗaukaka ƙara: Altine ba za ta koma ɗakinta ba sai ta yi Talata zuwa Talata ba jiri.

Ita kuwa kewar mijinta Muntari ta ishe ta. Duk Talata, ranar kasuwa, sai ya zo a kan keke, ya yi doguwar gaisuwa, ya saci kallonta, ya koma shi kaɗai. Sau biyu tana kai Lahadi lissafi ya rushe.

A karo na uku ta kai safiyar Talata lafiya lau. Ta yi wanka, ta sa kwalli, ta bi Inna bayan gida ɗebo kara. A nan akwai doguwar magudanar siminti da ma'aikatan dam ɗin Bakolori suka gina. Shekara biyu tana nan a bushe, awaki ne kawai ke sintiri a ciki, har kowa ya manta abin da aka yi ta dominsa.

Altine ta sunkuya ta ɗauki kara, ta ɗago kai, sai ga ƙasa tana gudu tana walƙiya. Ta so ta yi shiru, tunda ba wanda zai sani, amma ba ta taɓa iya yi wa Inna ƙarya ba. Ta zauna daɓas, ta rufe ido tana jiran duhu, hawaye na zuba.

"Inna, jirin ya dawo. In Muntari ya zo, ki ce mai shi tahi."

Inna ta waiga, ta tsaya baki buɗe. Can ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame.

"In wanga jiri na, ɗiyata, to ni ma ya kama ni. Buɗe idonki. Ruwa na aka sako."

Ruwa ne kuwa, a tsakiyar rani, yana tura busasshen ganye da kashin awaki a gabansa. Altine ta tashi a hankali, ta je bakin magudanar, ta zura masa ido da gangan. Yana gudu, ita tana tsaye. Daɗi ya cika ta.

Daga ƙofar gida aka ji ƙararrawar keke. Inna ta share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba, ta wuce ciki ɗaure wa ɗiyarta kaya.